Wanzamin Gidanmu da Ƙwayar Tsinka Jini

Hannun Baba na dama ya fara kumbura ne kwana tara bayan an sallamo shi daga asibiti a Sakkwato. Zazzaɓi mai tsanani ne ya kai shi can, har jijiyoyin hannunsa suka ɓuya, ma'aikata suka yi nema suka rasa, dole aka sa masa robar ƙarin ruwa ta gefen wuya. Ya warke, muka dawo Unguwar Lalle muna murna. Sai ga hannu ya cika tun daga kafaɗa har yatsu, ya yi nauyi, fatar ta yi duhu tana sheƙi, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a saman ƙirji. Ko butar alwala ba ya iya ɗagawa.

Ni ne babban ɗansa, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Birni. Gara in faɗi halina tun yanzu, kada wani ya riga ni: ni mutum ne mai zargi. In na sayi fetur a kwalba sai na shinshina. In ɗalibi ya gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, na san bai yi aikin gida ba. Innarmu takan ce ko nononta sai da na ƙare masa kallo kafin na kama. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibu ba, don sau da yawa zargin nawa yakan fito daidai.

Muka koma Sakkwato. Wata likita ta shafa wa kafaɗar Baba wani abu mai sanyi, ta bi ta da na'urar hoto, ta juyo mana da allon kamar za mu gane wani abu. Ta ce jini ne ya daskare a cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini daga hannu zuwa ƙirji, kusa da inda robar nan ta zauna. Ta ce abin tsoro shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu, in ya yi haka mutum yana iya faɗuwa yana tsaye. Maganin kuwa ƙwaya ce ta sha, mai tsinka jini, wata uku ba fashi, kuma tare da abinci. Ba ita za ta kwashe gudan ba, za ta hana shi ƙaruwa ne har jiki ya cinye shi a hankali.

Daga nan ta dube ni, ba Baba ba, ta lissafa abin da aka hana. Kada ya sha ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla. Kada ya sha jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. In dasashi ya riƙa jini, ko bayan gida ya yi baƙi, ko numfashi ya ɗauke, a kawo shi nan take. Ta kalli zanen Gobir da ke fuskokinmu, ta ƙara da cewa: "Kuma ba ƙaho, ba tsaga. In aka yanke shi yanzu jinin ba zai tsaya da wuri ba."

Muka fito, Baba ya shiga mota. Ya ɓare kwalin, ya ɗora ƙwayar a tafin hannu. Ba ta kai ƙwayar wake ba.

"Wagga 'yar aba ta za ta hidda jinin da yam mutu?" ya ce. "Ita da bakinta tac ce jini na yat tsaya. To mi anka yi ƙaho dominai?"

Na ce masa ba irin wannan jinin ba ne, wannan yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa. Ya ce ni ma ban gani ba, allo aka nuna mini. Baba manomi ne, amma yana da karatu, da yamma yana ba magidanta darasi a zaure, kuma ba a kayar da shi a magana. Ya ce ƙaho sunna ne, kuma yana da wata daraja da ƙwaya ba ta da ita: in an gama za a juye maka baƙin jinin a gabanka ka gani da idonka. Tun a cikin motar nan na san wanda zan sa wa ido.

Muna da wanzami na gida. Sa'an Baba ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi ya yi mini zanen da ke kumatuna, shi ya cire mini belu, shi ya yi mini kaciya, haka duk ƙannena. Baba Wanzam muke ce masa. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya rabuwa da zabirarsa, tsohuwar jakar fata da yake zuba asake da ƙahonni. Kowace Juma'a da hantsi yakan zo zaure ya yi wa Baba aski, kuma kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, yakan kafa masa ƙaho a gadon baya da kafaɗu don jiki ya saki kafin noma. Ga shi kuwa bazara muke shiga.

Na dawo gida da kwana, ina zuwa makaranta a kan babur, ina dawowa kafin la'asar don hanyarmu ba ta biyuwa da yamma. Kwalin maganin a aljihuna yake. Da safe in an kawo fura ni nake miƙa wa Baba ƙwayar, in tsaya har sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Wata rana har na ce ya buɗe baki in duba. Ya yi mini wani kallo, ya ce ko akuyar layya ba a yi wa haka. Na bar duba baki, amma na koma leƙen bayansa in yana sauya riga. Na sa matata ta riƙa duba wankinsa. Tulun da ke ɗakinsa ma sai da na ɗanɗana ruwan.

Hannun ya fara sacewa a mako na uku. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don a lokacin ne na fara ganin abin da ban gane ba.

Askin Juma'a da ake gamawa kafin shayi ya huce ya koma ɗaukar sa'a guda. In kuma Baba ya fito, kan ba ya sheƙi kamar da, gashin yana nan toka-toka kamar an bi shi da almakashi. Na ce a raina, to in ba aski ake yi ba, me ake yi? In na shigo zaure sai su yi shiru, Baba Wanzam ya hau tambayata lafiyar 'yan makaranta. Wata rana na ga ɗigon jini ya bushe a cikin hular Baba. Na tambaye shi, ya ce aska ce ta taɓa shi tuntuni. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Juma'a ta biyar na ce zan tafi makaranta, na tura babur har bakin hanya, na dawo da ƙafa na tsaya bayan dangar zaure. Ina jin kunyar faɗa, amma haka na yi. Na ji Baba yana cewa hannun ya yi mishi nauyi, ga damina na zuwa, a kafa mishi ko guda biyu ne. Baba Wanzam ya ce:

"Ai dole, Malam. Amma kai ka san kwanakkin ƙaho ka hi ni. Bari wata shi kai sha bakwai."

Haushi ya kama ni. Na duba kalanda, saura kwana goma. Ranar sha bakwai ga wata na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, na ɗauki tabarma na zauna a zaure tun safe har aka kira magariba, ina gyaran takardun jarrabawa. Baba Wanzam bai zo ba. Mai hankali zai ce to alhamdu lillahi. Ni kuwa sai na ce wani ya tsegunta masa, na kwana biyu ba na yi wa ƙanwata magana don ita na zarga.

Na ci gaba da laɓe. Wata Juma'ar na ji ya ce akwai hadari a sama, ba a ƙaho jiki yana sanyi. Ta gaba ya ce babban ƙahonsa ya tsage, ya ba da saƙo garin Isa a kawo masa wani. A kunnena duk wannan shiri ne ake yi, ana jiran ranar da zan yi sake. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mutumin da ke da ƙahonni cike da zabira zai rasa na kafawa ba. Ban kuma tare shi na tambaye shi ba. A ganina ba a tambayar ɓarawo ko zai yi sata.

A Sabon Birni na sayi injin aski mai caji. Juma'a ta tara na zauna a zaure na jira shi. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya fara kwance zabira. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ajiye injin a tsakiyar tabarma.

"Baba Wanzam, daga yau ni za ni riƙa yi mishi aski. Likita ta hana aska. Ka huta."

"To ai ni ma almakashi ni ka sa mishi, ɗana."

"Na san abin da kaka sa mishi, da wanda kaka shirin sa mishi. Na ji da kunnena. In wani abu yas samu Baba, kai za ni riƙe. Kada ka sake shigowa da zabirag ga."

Baba Wanzam ya dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi da hannun hagu. Baba Wanzam ya ɗaure zabirarsa a hankali, ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Na yi wa Baba aski da injina, ya fito wani wuri tudu wani wuri kwari, amma raina fes. Na ji kamar na toshe ramin kusu.

Kwana goma bayan haka, ranar kasuwar Tsamaye, Baba ya ce zai je ya duba irin gero, ya kuma biya gaisuwar wata rasuwa. Hannun ya sace sosai, har yana ɗaga buta. Na ba shi ƙwayarsa da fura, na ga ya haɗiye, ni da kaina na tsayar masa da mota. Ban zargi komai ba. Wanda nake zargi ai na riga na kore shi.

Ina cikin aji wajen ƙarfe goma sha biyu aka kira ni a waya. Wani direba ne da na sani, ya ce in zo asibitin garin yanzu-yanzu, Baba ne. Ban san yadda na isa ba.

Motar tana tsaye a bakin ɗakin gaggawa, ƙofar baya a buɗe. Baba yana kwance a kujera, leɓɓansa sun yi fari, idanu a lumshe. An naɗe masa kafaɗa da damtse da rawani, rawanin ya jiƙe sharkaf. A kansa kuwa, a durƙushe, ya danne kafaɗar da hannu biyu, rigarsa duk jini har gwiwa, Baba Wanzam ne. Zabirarsa tana rataye a wuyansa.

Ban yi tambaya ba. Na cafki wuyan rigarsa na fizgo shi waje, ina ihu cewa ya kashe mini uba, sai na kai shi ga hukuma, tsohon banza. Na faɗi abin da ya fi haka, a gaban masu jinya da masu sayar da ayaba. Tsoho ne marar nauyi, ya faɗi zaune a ƙasa. Hannunsa yana barin kafaɗar sai jini ya ɓullo ta ƙarƙashin rawanin, ya bi gefen kujera yana ɗiga. Wata ma'aikaciyar jinya da ta turo gado ta daka mini tsawa, ta ce wane mahaukaci ne ya cire hannun. Baba Wanzam bai ko dube ni ba. Ya rarrafa ya koma cikin motar ya sake dannewa, haka aka ɗauke su tare har cikin ɗaki.

Direban ne ya ja ni gefe. Ya ce: "Malam, ka ji tsoron Allah. Ba shi na ba."

Ya ce Baba bai je wajen masu iri ba. Kai tsaye ya nufi bayan kasuwa, inda wani baƙon wanzami mai bin kasuwanni ya yi shimfiɗa a gindin bishiyar bedi. Mutumin bai san Baba ba, bai san da wata ƙwaya ba, Baba kuma bai faɗa masa ba. Ya ga jijiyoyi sun taso a kafaɗa, ya ce ai ga inda mugun jinin ya taru, ya tsaga nan, ya kafa ƙaho huɗu. Da ya cire, jini ya ƙi tsayawa. Ya sa toka, ya sa garin magani, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya naɗe tabarmarsa ya sulale. Baba Wanzam yana can gefen masu dabbobi yana aski aka je aka faɗa masa. Ya bar mutum da rabin kai, ya kwance rawaninsa, ya danne wurin, ya ce a nemo mota. Tun daga Tsamaye har Sabon Birni bai ɗaga hannu ba sai da na ɗaga masa.

An yi wa Baba ɗinki, an ƙara masa jini, nawa ma aka ɗiba. Da ma'aikata suka karɓi kafaɗar, yatsun Baba Wanzam sun ƙage, sai da aka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke hannu a famfo ya tafi ba tare da ya nemi kowa ba. Likitan da ke wurin ya yi waya da ta Sakkwato, suka ce dole a dakatar da ƙwayar har ciwon ya kame. Kwanakin nan su ne mafi tsawo da na taɓa gani. Jini ya tsaya, amma ba abin da ke tsare gudan da ke cikin jijiya. Ko tari Baba ya yi sai in matso in ga ko numfashi ne ya ɗauke. Allah ya kiyaye, gudan bai ɓalle ba. Hannun dai ya sake cika, aka mayar da shi kan ƙwaya, wata uku suka koma shida. Shekarar nan Baba bai riƙe kalme ya yi noma ba, yana zaune a kan gona yana kallonmu muna shuka. Har yau in ya yi aiki kaɗan hannun yakan yi nauyi.

Sai da aka sallame shi na iya zuwa gidan Baba Wanzam. Na tarar da shi a ƙofar gida yana wasa aska a kan fata. Na cire takalmi, na durƙusa, na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, tsoro ne, wanda ubansa ke kwance ba a kama shi da magana. Wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Duk da haka halina bai bar ni ba, sai da na tambaya.

"Amma Baba, na ji ka ce mishi bari wata shi kai sha bakwai."

"Ka ji daidai."

Ya ce tun Juma'ar farko aska ta ɗan taɓa Baba a bayan kunne, abin da yatsa ke tsayarwa, amma jinin ya yi ta zuwa har ya gaji da dannewa. Shekara arba'in yana aske kan nan, ya san jininsa. Ya sa Baba ya faɗa masa sunan maganin, washegari ya taka har ɗakin shan magani ya tambayi ma'aikacin, aka yi masa bayani. Daga ranar ya ajiye aska ya koma almakashi.

"To don mi ba ka ce mishi a'a ba kawai?"

Ya ajiye askar ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da bai iya haɗa biyu da biyu ba.

"In nic ce mishi a'a, ya samu hanya ke nan. Mutum ba ya kai jikinai ga wani wanzami nashi na nan shina ce mishi gobe. Abin kunya na, ko kasuwa za a yi zance nai. Muddin shina jirana, ba inda za shi. Ranar da kac ce in bar zaurenku, ran nan ka kwance mishi igiya."

"Da ka hwaɗa min."

"In kai ƙarar uba wurin ɗa? Kai ko ba ka tambaya ba."

Can na ce ai da uzurin zai ƙare masa wata rana, Baba ba yaro ba ne. Ya ce ya san da haka, shi ya sa ya tambayi ma'aikacin ranar da maganin zai ƙare, ya zo gida ya lissafa. Ya ɗaga yatsunsa, waɗanda har lokacin ba su gama miƙewa ba, yana lanƙwasawa yana ƙirga uzurorin da suka rage masa: ciwon idonsa, tafiya suna a Alkalawa, ruwan farko, wani sha bakwai ga wata, sai kuma saƙon Isa da zai ce an kawo ƙaho amma ƙarami ne.

"Juma'a huɗu ta rage mishi ranar da kak kore ni," ya ce. "Ni ko ina da biyat a hannu."

Na buɗe baki in yi magana, kuka ya riga ni. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya tambaye ni ko Malam ya sha ƙwayarsa ta yau.